Innar Makaranta, Uwar Mijina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa. Uwar mijina, wadda muke kira Inna a gida, mutanen unguwa kuma suke ce mata Innar Makaranta, ta rasu a farkon daminar bana, a ɗakinta, da hantsi, bayan gajeruwar jinya.

Shekaru masu yawa muna gida ɗaya da ita, ina zaton na san mutanenta. Ashe ban san ko rabinsu ba. Kafin a gama yi mata wanka tsakar gida ta cika, zaure ya cika, har aka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙwabta. Abokan sana'arta na Kasuwar Kure suka rufe rumfunansu suka taho yadda suke, da ƙaiƙayin dawa a zannuwansu. 'Yarta da ke aure a Maikunkele ta iso da takalmi a ƙafa ɗaya, ba ta ma sani ba sai da aka nuna mata.

Wadda ta karya mana zuciya gaba ɗaya ita ce aminiyar Inna, tsohuwar da muke kira Mama ta Garatu. Bagwariya ce Kirista, manomiyar doya daga ƙauyen Garatu, Hausarta kuma irin ta wanda ya koya a kasuwa, ba ta raba namiji da mace. Ta shigo ba ta gai da kowa ba, ta wuce ƙofar ɗakin Inna ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu tana buga cinya da tafin hannu.

"Inna ya tafi," take cewa. "Ya tafi bai gaya mini ba. Ni da shi mun ce bayan shuka za mu koma ofis kan maganar yara. Yanzu wa zai riƙe mini hannu? Wa zai yi mini faɗa?"

Matan da ke ta ba mu baki suna cewa a daina kuka, addu'a take buƙata, su ma sai suka rufe fuska da mayafi.

Da aka fito da makara, sai ga hedimastan firamaren unguwarmu da malamansa, a bayansu kuma yaran makaranta cikin yunifom, sun jeru a jikin katanga, tsit, abin da ban taɓa gani ba a wurin yaran nan. Daga baya hedimastan ya shigo yi mana gaisuwa. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ji ƙan Inna. Wallahi ba wanda ya hana ni sakat a aikin nan kamarta. In na hango ta tafe, gabana faɗuwa yake yi. Amma yau ji nake an zare wa makarantar nan ginshiƙi." Ya tashi ya tafi.

Maigidana, ɗanta na fari, bai yi kuka a gaban mutane ba. Da suka dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa, "Amin, amin, mun gode," da wata murya da ban san shi da ita ba. Abincin da na aika masa, a rufe aka dawo mini da shi.

Yanzu baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar gidan haya ba, ba a taɓa buga hotonta a jarida ba. Ƙananan jikokinta za su tashi su ji ana cewa Innar Makaranta su zaci malama ce. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani da wanda na ji daga bakinta. Ba zan kama sunanta ba. Tana raye ban taɓa kamawa ba, ba kuma yau zan fara ba.

Inna ba ta taɓa zama a aji ba. Mahaifinta aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, a kusa da tasha ta tashi. Yayyenta maza aka sa a boko, ita kuwa tana taya mahaifiyarta sayar da tuwo ga matafiya. Ban taɓa jin ta zagi iyayenta a kan wannan ba. Takan ce, "Ba don ƙi aka hana ni ba, zamanin ne bai zo da mu ba." Da ta girma ta kama awon hatsi a kasuwa, dawa da gero da masara, da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Mace ce gajera, mai saurin tafiya, ba ta raina abin faɗa, ba ta kuma iya raɗa ba. In ta ce za ta gaya miki magana a asirce, maƙwabta ma sun ji.

Yadda ta shiga harkar makaranta, a gabana aka yi. Ta dawo daga asibiti da maganin hawan jini, an rubuta yadda za ta riƙa sha a jikin leda. Ta kira babbar 'yata, wadda a lokacin take aji biyar, ta ce, "Zo, 'yar boko, karanta mini." Yarinyar ta karɓa, ta juya ledar nan, ta sake juyawa, sai hawaye. Inna ba ta yi mata tsawa ba. Ta leƙa waje ta kirawo yaran maƙwabta da ke wasa, ta riƙa miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Duk 'yan makaranta ɗaya ne, babu wanda ya iya haɗa kalma biyu. Ta raba musu gyaɗa ta sallame su. Ta ajiye ledar a cinya, ta ce mini, "'Yar nan, ashe duk safiyar nan da muke yi musu wanka muna tura su, ina suke zuwa?"

Washegari ba ta je kasuwa ba. Ta yafa mayafi ta bi yaran. Abin da ta tarar ya hana ta cin abinci ranar. Azuzuwa biyu iska ta yaye musu kwano tun bara, yara suna zaune a ƙasa suna matsawa duk inda inuwa ta matsa. Malami ɗaya yana zirga-zirga tsakanin aji uku, sauran ba su iso ba.

Daga nan ta samo wata kujerar tsugunno ta ajiye a gindin dalbejiyar da ke ƙofar makarantar. Kullum da safe kafin ta wuce kasuwa sai ta zauna can. Ba ta shiga, ba ta zagin kowa, gaisuwa kawai take yi. Malamin da ya zo da wuri ta ce, "Malam, ina kwana? Allah ya yi albarka." Wanda ya makara kuwa sai ta ɗaga murya yadda masu shayi da 'yan acaɓa za su ji: "A'a, Malam! Barka da rana! Ya gajiya? An sha hanya!" Wasu malaman har ta bayan katanga suke shiga don gudun gaisuwar Inna. Amma ba a jima ba makara ta ragu, kowa ya shaida.

A wannan zaman ne ta lura wasu yaran suna shiga da safe, can kuma a fito da su a yi gefen daji. Ta tambaya, aka ce gonar wani malami ake kai su. Ta hau acaɓa ta bi su. Ta same su sunkuye suna cire ciyawa, kuma duk cikinsu babu ɗan ɗan kasuwa ko ɗan ma'aikaci, 'ya'yan manoman da ke gefen gari ne kawai. A bakin gonar kuma ga wata tsohuwa da fartanya a kafaɗa tana ta masifa da yarensu, an kwaso mata jika. Ita ce Mama ta Garatu, ranar suka fara haɗuwa. Su biyun sun sha ba mu labarin, kowacce da nata ƙarin gishirin, amma sun yarda a kan abin da malamin ya ce da abin da Inna ta mayar masa.

Ya ce, "Hajiya, ai 'ya'yan manoma ne, sun saba."

Ta ce, "Da gonar ubansu suka saba. Uban yana buƙatar hannunsu, ya haƙura ya kawo maka su don ka ba su abin da shi ba shi da shi. Ni mai awo ce, Malam. Mudun da nake auna wa Bahaushe da shi nake auna wa Bagwari. Ranar da na yi mudu biyu, ranar na zama ɓarauniya."

Ta tasa yaran a gaba, Mama tana baya, suka mayar da su aji a ƙafa. Tun daga ranar ba a raba su. Suna faɗa kamar kaji, a kan farashin doya, a kan wa ya fi wani taurin kai, amma in an ga ɗaya a hanyar makaranta to a duba, ɗayar tana kusa.

Su biyu suka tayar da taron iyayen yara da ya daɗe da mutuwa. Inna ta je wurin liman ta ce ya yi sanarwa bayan sallah, Mama ta je wurin fastonsu. A taron farko maza suka zauna a ciki kan benci, mata aka bar su a baranda suna leƙe ta taga. Inna ta naɗe tabarmarta ta shiga ta shimfiɗa a gaban teburin hedimasta. Wani dattijo ya yi gyaran murya. Ta ce, "Ku yi haƙuri, kunnena ba ya ji daga nesa. Kuma mu ke tashin yaran nan da safe, mu muka san wanda ya je da wanda bai je ba." Ɗaya bayan ɗaya matan suka shigo.

Kada a zaci malamai kawai ta sa wa ido. Ita ce kuma ta fi kowa tsaya musu. Takan ce ba a ba mutum fartanya mara ƙota a ce ya yi noma. Ta riƙa tara mata, masu goyo da masu sanda, su cika mota su tafi ofishin da ke kula da makarantu. In aka ce mai ofis ba ya nan, sai su ce ba komai, su shimfiɗa zani a baranda, su buɗe ƙullin ɗumame da dafaffiyar doya. In an tashi aiki su tashi, wani makon su dawo. Da haka aka samu aka sa wa azuzuwan nan kwano, aka kawo bencina, aka ƙaro malamai. Ba duk abin da suka nema suka samu ba, kuma abin da suka samu ma sai da takalma suka ƙare.

Inna tana da nata kuskuren, kuma ba za ta yafe mini ba in na ɓoye. Tana da saurin yanke hukunci. Akwai wata malama, matashiya, da kusan kullum sai ta makara. Inna ta yi mata barka da rana har ta gaji, rannan a taron iyaye ta tashi ta nuna ta da yatsa ta ce masu irin wannan hali su ke kashe 'ya'yan talakawa. Malamar ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan hijabinta. Bayan an tashi wata ta ja Inna gefe ta gaya mata cewa mahaifiyar malamar tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ba ta da kowa sai ita. Kullum sai malamar ta yi mata wanka, ta ba ta abinci, ta jira maƙwabciya ta dawo daga kai niƙa, sannan ta fito.

Da Inna ta dawo gida sai ta kira ni. Ta ce mini, "'Yar nan, yau na ci naman baiwar Allah ɗanye." Da taro ya sake zagayowa, kafin a buɗe da addu'a ta miƙe ta ce, "A nan na kunyata yarinyar nan, a nan zan roƙe ta. Malama, ki yafe mini, na yi magana ban bincika ba." Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauke zaman dalbejiya ta mayar gidan malamar. Da sassafe take zuwa da kununta a jug, ta ce, "Tafi aikinki, ni da 'yar'uwata za mu yi hira." Haka ta yi ta jinyar tsohuwar da ba ta haɗa komai da ita ba, har Allah ya ɗauki ran tsohuwar. Ciniki na safe ya sha wuce ta a kasuwa saboda haka. Malamar nan tana cikin waɗanda suka yi wa Inna wanka.

Abin da ya fi yi mata ciwo a duk gwagwarmayar nan, daga cikin gidanta ya fito. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma da aka ƙara masa girma sai ya yanke shawarar mayar da yaranmu makarantar kuɗi. Bayan magariba ya same ta a tsakar gida tana jan carbi, ya tsuguna ya gaya mata. Ina bakin murhu, ina jin su. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, "wannan" take ce masa.

"Wannan, me ka ce?"

"Inna, na ga ƙoƙarin da kike yi, kowa ma ya gani. Amma gyaran makaranta ba yau ba ne, ba gobe ba. Su kuwa yaran girma suke yi. Shekarar da ta wuce su ba ta dawowa."

"To 'ya'yan mai gyaran takalmi fa? Su tasu shekarar dawowa take yi?"

"Ba ni na haife su ba, Inna."

Ta ajiye carbin. Na ɗauka ihu za ta yi, sai na ji ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba.

"Kai ka san ofis, ka san wanda ake gani. In ka yi magana ana saurarenka. In irinku duk kuka kwashe 'ya'yanku, wa ya rage? Mu da ba mu iya sa hannu ba sai dangwale. Ba ɓarawo ne ya zo ya sace makarantar nan ba. Masu baki ne suka fice ɗaya bayan ɗaya, suka bar ta da waɗanda ba a jin kukansu."

"Na ji, Inna. Amma 'ya'yana ba abin gwaji ba ne."

Ta dube shi, ta tashi ta shiga ɗaki. Ya mayar da yaran kamar yadda ya ce. Ita kuma ta daina cin abincin tukunyarmu, ta fito da wata 'yar tukunya tana dafa nata. Ba ta yi fushi da ni ba, ba ta kuma nuna wa yaran komai ba. Safiyar da suka fara sa sabon yunifom, ita ta gyara musu kwala, ta tofa musu addu'a, ta raka su har bakin titi. Da motar ta tashi na ga ta goge ido da bakin mayafi, ta juya ta nufi tsohuwar makarantar, inda ba ta da jika ko ɗaya.

A taro na gaba wani mutum ya yi mata gori. Ya ce wadda jikokinta ke makarantar kuɗi ba ta da bakin magana a nan. Inna ta ce, "Gaskiyarka. Ɗana ya fi ƙarfina. Amma naka ɗan yana nan, ko ka cire shi? To a kansa nake magana. In za ka iya, tashi ka yi, ni in zauna in huta." Bai tashi ba.

Har yau ban san wa ke da gaskiya tsakaninta da ɗanta ba. Na ga yadda karatun yarana ya buɗe, na yi murna. Na kuma ga abin da Inna take gani. Ni dai a tsakiya nake, ina kai wa wannan ruwa ina kai wa waccan.

Abin da ya shirya su shi ne rigimar fili. Wata safiya aka wayi gari ana haƙa harsashin gini a filin wasan makarantar. Aka ce wani mai hannu da shuni ne zai jera shaguna, wai an sayar masa. Maza suka yi ta taro suna shawarar wa za a gani. Inna ba ta jira su ba. Ta ɗauki tabarmarta ta sauka cikin ramin harsashin ta zauna. Mama ta Garatu ta sauka ta zauna kusa da ita. Kafin azahar matan Islamiyya sun zo, matan zumunta na coci sun zo, rami ya cika da mata. Magina suka tsaya riƙe da shebur, babu wanda zai zuba kankare a kan uwar wani. Aka yi musu barazana da 'yan sanda, Inna ta ce a taho da mota babba, don suna da yawa. Suka raba zaman a tsakaninsu. In lokacin sallah ya yi matan coci su tsare wurin, ranar Lahadi kuma Musulmi su tsare har a taso daga sujada.

Ana cikin haka rana ta bugi Inna, jininta ya hau, muka roƙe ta ta dawo gida ta ƙi. Na kai mata ruwa da rana, ina tsaye a bakin ramin, sai ga maigidana ya sauka daga mota cikin kayan ofis. Ya cire takalmi ya sauka cikin ramin, ya zauna a ƙasa kusa da mahaifiyarsa, ya buɗe laima ya riƙe mata. Ba ta dube shi ba. Can sai ta kwance bakin zaninta ta ciro goro, ta ɓare, ta miƙa masa rabi, idonta yana wani wajen. Daga ranar shi ya riƙa shiga ofisoshi da dattawan unguwa, har hukuma ta sa baki aka tsayar da ginin. Da yammar ranar goron nan, ina kwasar tuwo, na ji muryarta daga ɗaki: "'Yar nan, ni ba a sa da ni ba ne?" Na zuba na kai mata.

Bai dawo da yaran ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba. Filin ma ba duka aka ƙwato ba. Kusurwar da ginin ya riga ya tashi ta tafi, shaguna suna nan a wurin har yau. Inna ba ta taɓa sayen ko ashana a cikinsu ba, in ta zo daidai nan sai ta tsallaka titi.

A kasuwa ciwon ajalinta ya same ta, tana cikin awo ta zame ta faɗi. Bayan kwanakin asibiti aka sallamo ta, hannu ɗaya ya shanye, magana tana fita da ƙyar. Ko a haka, duk wanda ya zo dubiya sai ta tambaye shi ina aka kwana kan ban-ɗakin 'yan mata. Abin da ta sa a gaba ke nan a ƙarshen rayuwarta, don ta gano manyan 'yan mata suna daina zuwa makaranta saboda babu inda za su kewaya. An haƙa rami, an tsaya. Takan ce, "Ban gama ba." Mu ce mata za ta tashi ta gama. Sai ta yi mana irin kallon da babba ke yi wa yaro in ya yi ƙarya don ya faranta masa.

Safiyar da za ta rasu ta sa na kira mata ɗanta. Ya durƙusa a gefen gado. Ta ɗora hannunta mai lafiyar a kansa, kamar yaro ƙarami, ta ce, "Wannan, na matsa maka. Ka yafe mini." Ya ce, "Inna, ni ne zan roƙe ki." Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Uba ne kai." Ta nemi ruwa, na ba ta a cokali. Daga nan sai kalmar shahada, a hankali, har ta yi shiru.

Bayan an yi sadakar bakwai da 'yan kwanaki, ina shara da safe na ji sallama. Wata mata ce da ban sani ba, daga ƙauyukan bayan gari, ƙafafunta duk taɓo, tana riƙe da hannun 'yarta. Yarinyar tana jan ƙafa ɗaya. Matar ta gaishe ni ta ce, "Nan ne gidan Innar Makaranta? An ce in zo wurinta. Na kai yarinyar nan a sa ta a aji, aka ce ba za ta iya ba, in mayar da ita gida. Aka ce in na gaya wa Inna za ta raka ni."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Tun ranar rasuwar mutane ke yi mini gaisuwa, ni ban taɓa sanar da kowa rasuwar da bakina ba. Na ce, "Inna ta rasu."

Matar ta yi salati ta zauna a dokin ƙofa. Ba ta taɓa ganin Inna ba, amma ta yi kuka kamar uwarta ce. Ni ma na zauna muka yi tare, yarinyar tana tsaye tana kallonmu. Da ta share hawaye ta ce, "To yanzu wa zan gaya wa?"

Ni ba mai magana ba ce, ban taɓa buɗe baki a taro ba, ko a gaban hedimasta ban san ta inda ake farawa ba. Ta miƙe ta kama hannun 'yarta, ta yi mini gaisuwar rashi, suka juya. Na bi su da kallo, yarinyar tana jan ƙafarta a cikin taɓo, uwar tana rage sauri don ta. Sun kusa shan kwana na ji bakina ya ce, "Baiwar Allah, dakata." Na shiga ɗaki na ɗauko mayafina, na ja ƙofa. Muka kama hanyar makaranta mu uku, ina tafe ina kuka, ban san abin da zan ce ba in mun isa.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo gare ka. Ta tsaya wa 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, kai ma ka tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwancinta, ka sa ta huta, don a duniya ba ta huta ba. Mu kuma da ta bari, ka ba mu haƙurin rashinta. Amin.